Ogunpa da Mu Mutanen Sabo



Yaran unguwar nan in ka ce musu Ogunpa, kasuwa suke ji, ko tashar mota. Da yawansu sun sha tsallake gadar ba su san cewa baƙin ruwan nan da ke kwance a ƙasa cikin siminti, leda ta rufe shi, shi ne mai sunan ba. Kasuwa aron sunan ta yi. Ogunpa kogi ne, kuma ya girmi kasuwar, ya girmi Sabo, ya girmi garin Badun ɗin kansa. Sau da yawa a tarihin garin nan ya tashi ya ci mutane, kuma duk lokacin da ya yi haka sai a ce ruwan sama ne. Ruwan sama na da nasa rabon, ba musu. Amma wanda ya bi tarihin a hankali zai ga hannun ɗan Adam a ciki dumu-dumu, kuma wannan hannun ne muke so mu bi sawunsa.

Kogin ba wani babba ba ne. Wanda ya san Kwara ko Binuwai dariya zai yi in aka nuna masa shi aka ce kogi. Tsawonsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba. Yana tasowa daga wajen Ashi a arewa maso gabashin gari, ya ratsa Bodija, ya shiga lambun Agodi inda aka tare shi ya zama tafki, ya biyo ta gindin dutsen Mokola nan maƙwabtanmu, sannan ya kutsa tsakiyar gari ta wajen kasuwar da ta ari sunansa, ya wuce Oke-Ado da Molete. A hanya rafin Kudeti yana zuba a cikinsa. Ƙarshensa ya faɗa kogin Ona, shi kuma Ona ya yi kudu har ruwan da ke kwance a wajen Ikko. To ka ga ke nan, ɗan ƙaramin kogi ne amma ta cikin cikin gari ya bi, inda mutane suka fi cunkuso. Kuma Ibadan gari ne na tuddai. Duk ruwan da ya sauka a kan tudu sai ya nemi kwari, ya tafi da duk abin da ya tarar a hanya. Lambatun ƙofar gidanka, ko ya bi ta Ogunpa ko ya bi ta wani rafin, Ona ce makomarsa.

Garin ya kafu ne wajen shekarar 1829, sansanin mayaƙa ne a zamanin yaƙe-yaƙen ƙasar Yarbawa bayan tsohuwar daular Oyo ta tarwatse. Mayaƙa kan tudu suke so, don su hango abokin gaba, saboda haka tsohon gari ya dunƙule a kewayen dutsen Mapo da Oja'ba. Kwaruruka aka bar wa rafuka. A rafukan nan ake ɗibar ruwan sha, a nan ake wanki da wanka, masu rini da masu jiƙa rogo ma a nan suke aikinsu. Ƙazanta na shiga tun a lokacin, amma irin wadda ruwa da ƙasa ke iya cinyewa ce: ganye, toka, ɓawon doya, kashin dabba. Gefen rafi kuma ciyawa ce da itatuwa, in ruwa ya cika yana da filin da zai bazu ya huce kafin ya koma.

Kakanninmu sun iske garin a haka. Tun kafin Turawa akwai Hausawa a Badun, suna sauka a gidajen Yarbawa a cikin gari kusa da babbar kasuwa. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Ikko a 1901, bayan kimanin shekara goma ya kai Kano, daga nan fatauci ya canza kama. Shanu na gangarowa daga Arewa, goro na hawa. A 1916, zamanin Baale Shittu (sarautar ba ta koma sunan Olubadan ba sai a 1936), aka ware wa Hausawa wannan fili a gefen Mokola. Turawa na son su ga baƙi a wuri guda, manyan Hausawa su ma suna son inda za su riƙe mutanensu, su san mai shiga su san mai fita. A wancan lokaci nan bayan gari ne, daji ne. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a 1962 zuwa 1963, ya rubuta littafi a kanta wanda ya fito a 1969, kuma a lissafinsa mutanen Sabo ba su fi 4,000 da ɗoriya ba. Yau sai mutum ya tsaya a bakin titi bayan Magariba ya ƙiyasta da idonsa nawa muke, alhali filin bai ƙaru da taƙi ɗaya ba.

Yadda Sabo ta cika, haka gari duka ya cika. Ƙidayar 1952 ta ba Ibadan mutum wajen 459,000, ta 1963 ta ba ta wajen 627,000, yanzu ana maganar fiye da miliyan uku. Gwamnati ta yi ƙoƙarin raba mutane da shan ruwan rafi: an gama madatsar Eleyele a kan kogin Ona a 1942, aka ƙara da ta Asejire a kan kogin Osun a 1972. Wannan alheri ne, amma ya zo da wani abu da ba a lura da shi ba. Da famfo ya shigo, rafi ya tashi daga matsayin mashaya. Abin da mutum ba ya sha kuwa, ba ya kishinsa. Ogunpa ya koma bayan gida, a ma'ana biyun duka: gidaje suka juya masa baya, masai suka fuskance shi. A tsofaffin unguwannin da mota ba ta iya shiga, babu mai zuwa kwasar shara, sai al'ada ta kafu cewa da hadari ya haɗu a fito da kwandon shara a juye a lambatu, ruwa ya tafi da ita. Ina zai kai ta? Babu mai tambaya.

Ga yadda abin yake aiki, don masu cewa ai 'yar sharar gida ɗaya ba ta toshe kogi. Shara ba ta tafiya har teku. Tana tafiya ne har ta iske wuri matsattse, ƙarƙashin gada ko bakin kwalbati, sai wani reshe ko tsumma ya maƙale, na baya ya taru a kansa. Da ruwa ya rage gudu a wurin, yashi da laka da ya ɗauko daga tudu sai su kwanta. Shekara ɗaya, biyu, biyar, ramin da namiji ke tsayawa a ciki ba a ga kansa ya koma iya gwiwa. A lokaci guda kuma mutane na cike gefen kogi da ƙasa da shara suna gini a kai, tun da filin kwari ya fi araha. Sama da su kuma an sare itatuwan kan tuddai, kwano da siminti da kwalta sun rufe ƙasar da a da take shanye ruwa. Ruwan da ya kamata ya ɗauki yini yana tsatsafowa sai ya iso kogi cikin sa'a guda, ya tarar da hanyarsa ta tsuke. Sauran labarin kowa ya san shi.

Kogin ya yi gargaɗi ba sau ɗaya ba. Ya yi ambaliya a 1960, ya sake a 1963, ya sake a 1978, kowanne da asarar dukiya da gidaje. A tsakanin nan kuma wani gargaɗin ya zo ta wata ƙofa. Cutar kwalara ta shigo Najeriya a ƙarshen 1970, a 1971 ta kashe kusan mutum 3,000 a faɗin ƙasar, kuma Ibadan na cikin garuruwan da ta fi yi wa ɓarna. Dattawanmu da suka ga wannan shekara har yanzu in sun ce "shekarar amai da gudawa" ita suke nufi. Kwalara ba iska ba ce, ba kuma jifa ba ne. Bayan gidan mai cutar ne ke shiga ruwan da wani zai sha. Garin da masai ke zuba a rafi, rijiyoyi kuma na nan kusa da rafin, ya riga ya shimfiɗa mata tabarma.

Sai ranar Lahadi 31 ga Agusta 1980. Alhaji Shehu Shagari na shugaban ƙasa, Cif Bola Ige na gwamnan jihar Oyo. Ruwan da aka auna a wannan rana ya kai milimita 274. Don mai karatu ya gane, da ka ajiye baho a fili, ruwan da zai taru a ciki ya kusa tsawon rular 'yan makaranta, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan da gari ke samu a shekara guda, ya sauka cikin sa'o'i. Ogunpa ya haye gadoji, ya shiga kasuwa, ya shiga ɗakuna, ya kwashi motoci kamar ƙwarya. Ya lalata lambun Agodi wanda aka buɗe a 1967, wurin ya daɗe bai farfaɗo ba. Fiye da mutum 100 suka rasu, dubbai suka kwana ba su da wurin sa haƙarƙari. Yarbawa suka sa wa abin suna Omiyale, wato ruwa ya shigo gida, kuma har gobe in tsoho ya faɗi kalmar nan sai ka ga fuskarsa ta canza. Mu da muke yara a lokacin, abin da ya fi zama mana a rai shi ne warin laka da ya kwana biyu a gari, da yadda manya suka riƙa sauka Oke-Ado da Molete neman labarin abokan ciniki. Sabo tana kan ɗan tudu, Allah ya tsare ta daga mafi munin abin. Amma ruwan da ya sauka a kan kwanon Sabo a ranar nan bai tsaya a Sabo ba, gangarawa ya yi wajen na ƙasa da duk abin da ke cikin lambatu.

An kuma shiga maganar faɗaɗa kogin a ɗaure shi da siminti. Aikin ya ci gwamnatoci da yawa, na soja da na farar hula, ana farawa ana tsayawa, kafin a samu katangar da muke gani yanzu ta ratsa tsakiyar gari. Ta yi amfani, wannan gaskiya ce. Sai dai siminti hanya kawai yake ba ruwa, ba ya wanke shi, ba ya kuma hana mutum ya tsaya a kan gada ya wurga buhun shara. A zamanin Buhari da Idiagbon aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, daga baya aka ƙara da sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, soja na tsaye da bulala. An yi shara kam. Amma tsabtar da tsoro ya kawo, da mai bulala ya tafi ita ma sai ta bi shi. Kuma ko a lokacin, laka ake kwasowa daga lambatu a tara a bakinsa, ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito.

Abin da ya fi canza kogin a zamaninmu ba gwamnati ba ce, leda ce. Wannan mu 'yan kasuwa mun fi kowa sani, don a hannunmu canjin ya faru. Huhun goro da ganyen fita ake naɗe shi. Alale da agidi a ganye maƙwabtanmu ke sayar da su. Tsire a takarda. Mace in za ta cefane da kwando ko kwano take fita, mai sayen manja da kwalbarsa yake zuwa. Duk waɗannan in an yar, ruɓewa suke yi, ko akuya ta cinye. Daga shekarun 1980 leda ta fara shigowa, a shekarun 1990 fiyawata ta mamaye ko'ina, sannan robar lemo da farin kwanon nan na soso da ake zuba shinkafa. Hannun mutane bai canza ba, yadda kaka ke yar da ganye haka jika ke yar da leda. Bambancin shi ne ganye wata guda ya zama ƙasa, leda kuwa wadda aka yar ranar sunan yaro tana nan har ya yi aure. Ita ce ke zama raga a bakin kwalbati, ta kama duk abin da ya biyo baya. Mahauta ma shaida ne, nawa suke cirowa daga tumbin saniya a dunƙule kamar igiya?

Tun da an ambaci mahauta, sai a faɗi nasu ɓangaren, don sana'ar shanu tamu ce tun kafuwar unguwa. An buɗe kasuwar Bodija a 1987, kara da mayanka suka zauna a can shekaru masu yawa, ana yanka shanu ɗaruruwa a rana. Jini da abin cikin tumbi da ruwan wanke hanji, rafin da ke kusa ne ya riƙa karɓar su. Mutum zai ce ai jini da kashin shanu ba guba ba ne. Haka ne, amma ga abin da suke yi wa ruwa. Ruwa mai rai akwai iska narke a cikinsa, ita kifi ke shaƙa. In abu mai ruɓewa ya yi yawa, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai su shanye iskar nan kaf. Kifi ya mutu, ruwa ya yi baƙi, ya fara warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan baƙin da wannan warin su ne muke ji a kan gada da rani. Ga kuma babbakar ganda da tsohuwar taya, wadda tokarta ke ɗauke da dafi, ita ma ruwa ke wankewa. A 2018 gwamnatin jiha ta matsa wa mahauta su koma babbar mayanka a ƙauyen Amosun da ke Akinyele, aka yi ta rigima a kai. Ko me mutum zai ce game da yadda aka tafiyar da tashin, dalilin tsabta da aka kafa hujja da shi ba ƙarya ba ne.

Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2011, cikin goman ƙarshe na azumi, mutane na shirin Sallah, ruwa ya sake saukowa da yamma. Ma'aunin cibiyar binciken noma ta IITA ya nuna milimita 187.5. A duba da kyau, bai kai na 1980 ba, da saura sosai. Duk da haka ƙungiyar Red Cross ta ƙirga aƙalla mutum 102 da suka rasu. Wannan karon ɓarnar ta fi yawa a wajen kogin Ona da sauran rafukan da ba a taɓa gyarawa ba: ruwa ya haye madatsar Eleyele, gadar Apete ta karye, Odo-Ona da Oke-Ayo suka sha ruwa, har gidan namun daji na Jami'ar Ibadan ya yi asarar dabbobi. Ruwa ƙasa da na da, amma duk da haka gawa da yawa. Abin da ya cike giɓin shi ne shekara 31 na gini a kan hanyar ruwa da shekara 31 na leda. Gwamna Abiola Ajimobi, wanda bai fi wata uku da hawa ba, ya sa aka shafa wa gine-ginen bakin rafi jan fenti, aka rushe wasu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 200 don maganin ambaliyar Ibadan, da shi aka gyara Eleyele, aka sake gadoji da kwalbatoci, aka yashe rafuka. Bashi ne fa, ba kyauta ba, jikokinmu na cikin masu biya. Kuma rafin da katafila ta yashe bana, in ba a daina ciyar da shi shara ba, baɗi ya koma yadda yake.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu, tun da muna kan tudu? Ruwanmu na nan ta hanya uku. Na farko, famfo ya daɗe da zama labari a yawancin gidaje, rijiya da burtsatse da 'yan garuwa muka dogara da su. Rijiyar da ke tsakanin masai da lambatun da ya toshe, abin da ke kwance a lambatun yana tsatsafawa cikinta ta ƙarƙashin ƙasa, ko da ruwan ya fito garau a guga. Taifot ɗin da ba ya ƙarewa a gidajenmu daga nan yake. Na biyu, masu lambun rani a gefen rafukan gari, da yawansu 'yan uwanmu ne, kuma da ruwan rafin suke ban-ruwa. Latas da alayyafo da kabejin da ake yanka mana a kan tsire, wani lokaci da abin da ya bar ƙofar gidanmu aka shayar da su, ya zaga ya dawo faranti. 'Yan uwanmu na Sasa da Ojoo kuma suna sama da Eleyele, abin da ya gangaro daga wajensu madatsar da gari ke sha yake nufa. Na uku, kuma shi ne wanda ba a cika faɗa a fili ba: mu baƙi ake kiranmu, ko da kakan kakan mutum a nan aka binne shi. Ranar da wata cuta ta ɓarke ko ruwa ya ci wata unguwa, yatsa ya fi saurin nuna unguwar baƙi. Lambatu mai tsabta hujja ce a hannun shugabanninmu ranar da za su zauna da hukuma.

Ba kuma sabon ilmi ake nema mu koyo ba. Duk wanda ya yi Ishmawi ko ya taɓa Risala ya san babin ruwa tun kafin ya san babin salla: launi, ɗanɗano, ƙanshi. In najasa ta canza ɗaya daga cikinsu, ruwan ya tashi daga aiki, ba alwala ba girki. Masu cewa ruwa mai gudu ba ya ƙazanta sun riƙe rabin magana ne, don hukuncin yana tsayawa ne muddin ruwan bai canza ba, Ogunpa kuwa ya canza ta fuska ukun duka. Hanin da ya zo a kan yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanya da inuwar da ake zama, da hanin fitsari a ruwa mai kwanciya, kowane ɗalibi ya ji su. Abin mamaki shi ne mutum ya yi taka-tsantsan kada ɗigon fitsari ya taɓa wandonsa, sannan ya sa yaro ya juye fo a lambatun da zai bi ta ƙofar mutum ɗari. Wannan magana ta cancanci huɗuba guda cur kafin kowace damina, a masallatan Juma'a da na unguwa, da Hausar da kowa zai gane.

Tsari ma muna da shi. Daga cikin abubuwan da Cohen ya rubuta a littafinsa akwai yadda masu gida a Sabo ke sayar da shanun fatake bashi ga mahauta ba takarda ba sa hannu, kuɗi kuma su fito, saboda akwai sarki, akwai masu gida, akwai malamai, kuma mutum na jin kunyar a kira sunansa a gabansu. Unguwar da ta iya riƙe amanar garken shanu da baki kawai, ba za ta kasa riƙe lambatun layi guda ba. Kowane layi a san mutum biyu da za a tambaya in ya toshe. Mai gidan haya ya sa kuɗin shara cikin sharaɗin ɗaki kamar kuɗin wuta. In za a yi gayyar yashe lambatu, a fara tanadar motar da za ta kwashe lakar a ranar, in ba haka ba wahalar banza ce. Safiyar Alhamis da kasuwanni ke shara, a yi ta da gaske, ba a rufe shago a zauna hira ba.

Mai ba ɗan baro shararsa ya tambaye shi inda yake kai ta. In kuɗin da ya karɓa bai kai na zuwa juji ba, to gada mafi kusa ce jujinsa, kuma da kuɗinka ya je. 'Yan gwangwan da 'yan bola jari, yawancinsu yaranmu ne, kuma aikin da suke yi wa garin nan ya fi yadda ake ganinsu: ƙarfe da gwangwani da robar lemo duk kuɗi ne a wajensu. In gida ya ware musu waɗannan a buhu daban, shara ta ragu, yaro ya samu na abinci ba tare da ya tona juji ba. Masallatai da wuraren walima, inda ake shan fiyawata buhu-buhu, a rataye babban buhu a ƙofa don ledar. Mu masu shago kuma, ba dole ba ne ashana kwali ɗaya sai an sa ta a leda, a tambayi mai saye ko yana so. Makanikai da masu janareto su tara baƙin mai a jarka, akwai masu saye, don ɗan kaɗan ɗinsa yana shimfiɗuwa a kan ruwa mai yawa ya hana shi iska. Ranar Babbar Sallah, kafin a kayar da rago a haƙa rami, jini da abin cikin tumbi su shiga a rufe, kamar yadda iyayenmu ke yi tun ana da fili. Inda siminti ya rufe ko'ina, a tara a buhu a ba masu lambu, taki ne mai kyau.

Rijiya kuma, ma'aikatan lafiya na son a bar mita 30 tsakaninta da masai. A cunkoson Sabo wannan ba kowane gida zai samu ba. Abin da kowa zai iya shi ne a ɗaga bakinta da bulo ya fi ƙasa tsawo, a yi mata murfi, a bar mata guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa, ruwan sha kuma a tafasa ko a sa masa maganin tsarkake ruwa da ake sayarwa a kemis. In ambaliya ta taɓa shiga rijiya, sai an kwashe ruwan an sa magani kafin a koma sha.

Sai maganar lokaci. Damina a nan ba irin ta gida ba ce. Tana farawa wajen Maris, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan tsagaita a farkon Agusta, sannan ta dawo. A wannan tsagaitawar mutane ke sakin jiki, alhali ruwan wata biyar ya riga ya cika lambatu da yashi da leda, ƙasa kuma ta ƙoshi ba ta iya shan ƙari. A sake duba ranakun manyan ambaliyar nan biyu, 31 ga Agusta da 26 ga Agusta. Saboda haka yashe lambatu sau ɗaya a shekara bai isa ba. A yi na farko a Fabrairu kafin ruwan fari, a yi na biyu a makon farko na Agusta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci.